Jinin Inabi

Ina iya manta abubuwa da yawa a rayuwata, har ranar da aka ɗauke ni aiki sai na yi tunani kafin in tuna, amma Asabar ɗin da na je sayo inabi a kan keke ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Ko na so in manta, mutanen Unguwar Dosa ba za su bar ni ba.

Likita ne ya jawo mini hawan keke. Shekara da shekaru ina zaman ofis, daga kujera sai mota, daga mota sai tuwo, har tumbi ya fara riga ni shiga ɗaki. Da likitan ya ce in nemi abin motsa jiki, sai wani abokin aikina ya haɗa ni da irin keken nan mai kaurin taya, wanda aka yi don hanyar burji da tsakuwa. Ban tsaya nan ba, na sayi hular kwano, na sayi farar riga mai kama jiki irin ta masu tsere. Ranar da na fara saka ta, matata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Abban yara, wallahi kamar an ƙulla alale a leda." Na yi kamar ban ji ba, amma ya yi mini ciwo.

A lokacin tana da tsohon ciki, kuma cikin ya zo mata da hawan jini. A asibiti an ja mini kunne sosai cewa kada a bari wani abu ya tayar mata da hankali. Abinci kuma ya gagara, komai aka kawo sai ta kau da kai. Abu ɗaya take ambato, inabi. Ba irin na kanti da ake kawowa daga waje ba, wai wannan ruwa ne kawai. Baƙin inabi na gida take so, mai 'ya'ya a ciki, mai ɗan tsami, irin wanda wata maƙwabciya ta taɓa ɗanɗana mata. Na zaga Kasuwar Kawo, na leƙa Babbar Kasuwa, ban samu ba.

Abokin nan nawa ne ya ce akwai wani dattijo da ya yi ritaya ya kafa gonar inabi a wani ƙauye can bayan Mando, hanyar kuwa burji ce mai hawa da gangara, daidai kekena. Ya turo mini taswirar a waya. Sai dai matata ta riga ta kafa mini sharaɗi tun farko, keke a cikin gari kawai, domin shekarun nan kowa ɗar-ɗar yake da hanyar daji. Na ce a raina, ai in na faɗa mata hankalinta zai tashi, in kuwa na dawo da inabi sai murna. Kun ji wayon mai digiri. Bayan sallar asuba na saɓa jakar goyo na ce mata zan ɗan zaga.

Gaskiya hanyar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ina sauka daga kwalta sai tsakuwa ta fara ƙara a ƙarƙashin taya, iska mai sanyi, ga ƙananan tsaunuka jere a gefe, ga shanu suna tsallaka hanya ba ruwansu da kowa. A gangara ina jin kaina saurayi. A hawa kuwa sai in sauka in tura, ina waige kada wani ya gan ni. Hantsi ya yi sosai kafin in hango gonar, rumfuna na waya a jere, ganye ya rufe su, inabi yana reto baƙi wuluk. Na ci na farko a tsaye, na lumshe ido. Shi ne dai wanda take nufi.

Dattijon ya yanko mini da yawa, ya zuba a leda. Da ya ga ina cusa ledar cikin jakar goyo, tare da famfon taya da sifanu, sai ya tambaya, "Alhaji, a bayanka za ka goya shi har Kaduna?"

Na ce, "Ƙwarai, Baba, ai jakar mai kyau ce."

Ya dubi jakar, ya dubi hanya, ya ce, "To, Allah ya kai shi lafiya." Sai daga baya na lura inabin ya yi wa addu'a, ba ni ba.

A dawowa rana ta buɗe, ƙafafuna suka gaji. A wata doguwar gangara na saki birki don in huta da tuƙi, tayar gaba ta hau tsakuwa mai santsi, kafin in ce wani abu sai ga ni kwance rigingine ina kallon sama. Jakar ce ta tare ni, na ji wani laushi a bayana har na gode wa Allah da ya sa na zo da ita. Gwiwar hannu ta ɗan kurje, shi ke nan. Na ƙi buɗe jakar, domin akwai abin da mutum ba ya son sani a tsakiyar daji. Na ciro waya in duba hanya, ashe taswira ta cinye cajin, ta mutu murus. Na hau na ci gaba. Ina jin danshi yana bin bayana har cikin wando, na ce gumi ne, tumbi ne ke narkewa.

Da na fito kwalta a Mando, numfashi ma da ƙyar nake yi. Sai na ji ana ƙwala mini kira daga baya. Wani mai Napep ne ɗan layinmu, ya cika da fasinja, ya matso kusa da ni idonsa a waje.

"Oga! Innalillahi! Daga ina haka?"

Na ce, "Daga daji."

"Me ya same ka?"

Ni tsaunuka nake nufi, Allah ya sani. Na haɗiye busasshen yawu na ce, "Bari kawai. Sun gama da ni."

Ya ce in sauka ya sauke fasinja ya kai ni asibiti. Asibiti kuma, saboda gajiya? Raina ya ɓaci, na ga raini ne, wato ya ɗauka mai tumbi ba zai iya kai kansa gida ba. Na ɗaga masa hannu na ce, "Je ka abinka. In da sauran kwana zan ƙarasa." Motocin baya suka dame shi da ham, ya wuce, na hango shi yana kara waya a kunne.

Daga nan har Kawo kowa kallona yake yi. Masu shago suna miƙewa tsaye, wata mata ta ɗora hannu a ka, wani direban bas ya rage gudu yana salati. Ni kuwa sai na ƙara gyara zama, na miƙe wuya. Na ce lallai mutanen garin nan ba su saba ganin ɗan wasa ba. Ban san farar rigar nan ta rine ja tun daga kafaɗa har ƙugu ba, tana ɗiga a kan tayar baya.

Abin da ya faru a unguwa daga baya aka ba ni labari. Mai Napep ya kira mai shagon bakin layi ya ce 'yan bindiga sun harbe ni a baya, na gudo a kan keke. Kafin maganar ta kai masallaci an ce na faɗi a gadar Kawo. Kafin ta shiga cikin gidaje an ce na cika. Aka yi ta kiran wayata a kashe. Wasu suka fita da mota nemana a asibitoci, muka yi saɓani.

Ina karyo kwanar layinmu na hango mutane cike a ƙofar gidana, ana shimfiɗa tabarmi, ga kukan mata daga ciki. A nan dariya ta ƙare mini. Abu ɗaya ne ya zo raina, matata. Na bar ta da hawan jini, na tafi ban faɗi inda za ni ba, wayata a kashe, ga shi ta tafi ba na nan. Ban san lokacin da na yar da keken ba. Na kutsa cikin mutane ina ihu, "Ina take? Me ya same ta?"

Jama'a suka watse. Ladanin masallacinmu, mutum mai natsuwa, ya tsallake tabarma biyu a tsalle ɗaya ya bar takalminsa. Wani ya ce, "Ga shi nan da ƙafarsa!" Wani ya ce, "Ku riƙe shi, zafin harsashi ne!"

Na faɗa falo. Tana zaune a ƙasa, ta jingina da mahaifiyarta, fuskarta ta kumbura da kuka. Ta gan ni, na gan ta. Na durƙusa a gabanta ina cewa, "Kina nan? Kina nan?" ita kuma tana cewa, "Kai ne? Kai ne?" Na yi kuka a ranar, a gaban surukata, ban ji kunya ba.

Ta kai hannu bayana tana lalube, tana tambaya, "Ina wurin? A ina suka same ka?" Hannun ya fito jajir, yana danƙo. Ta dube shi. Ta kai hanci. Sai ta sa yatsa a baki.

"Abban yara," ta ce a hankali, "jinin nan da zaƙi."

Surukata ta zare jakar daga kafaɗata ta zazzage a tire. Famfo ya faɗo, sifanu suka faɗo, sai ledar da ta fashe, da wani abu kamar an dama jan kunu. Sai surukar tawa ta dube ni ta ce, "Yanzu kai, da girmanka, ruwan inabi ka tara mana jama'a a kai?" Dariya ta fashe tun daga falo har waje, waɗanda suka zo da kuka suka koma suna riƙe ciki.

Amma jinin matata ya riga ya hau. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta auna, ta ce a tafi asibiti yanzu. A can na wuni a kan benci da rigata mai danƙo, ƙudaje suna bina, duk wanda ya wuce sai ya ce a fara duba wannan bawan Allah. Ban iya dariya ba sai bayan la'asar, da aka fito aka ce jinin ya sauka, ita da cikin suna lafiya. Da aka bar ni na shiga, ta kama hannuna ta ce, "Da ka ce mini can za ka, da na hana ka, mu yi faɗa, ya wuce. Faɗa da kai ya fi mini abin da na ji yau."

Ta haihu lafiya bayan 'yan makonni. Keke ban daina hawa ba, hanyar burjin nan ma na koma, amma tare da abokai, inabi kuma a kwali yake zuwa cikin mota. A layinmu har yau in na wuce sai wani ya ɗaga murya, "Oga, ya jiki? Sun gama da kai?"

Abin da na koya shi ne, ɓoye wa mutum abu don kada hankalinsa ya tashi ba tausayi ba ne, domin labarin zai same shi ta bakin wani, kuma ba yadda ya faru ba. Tun daga ranar, ko bakin titi zan je sayen burodi sai na faɗa mata, in ta ce a'a mu yi gardamarmu a gida kafin in fita.