Awabu Mai Nemo Masu Tabo a Ƙirji

Duk wanda ya saba bin lungunan Maamobi da sassafe ya san Mma Awabu mai koko. Daga Bawku ta zo Akra tana da shekara goma sha shida, ta yi shekara biyar tana dakon kaya da kwano a kasuwar Madina, sannan ta auri wani tela, Abdul-Mumin, ta haifa masa 'ya'ya uku. Tun daga nan ta kafa tukunyar kokonta a bakin hanya. Babu gidan da ba ta taɓa shiga suna ko gaisuwar mutuwa ba, daga Nima har Kotobabi, kuma idan ta ga fuska sau ɗaya ba ta mantawa.

Tana da shekara talatin da tara numfashinta ya fara gaza mata. Ƙafafu suka kumbura, ɗaga bokitin ruwa ya gagare ta. An yi ta ba ta maganin asma, babu sauƙi, har aka tura ta babban asibitin da ake aikin zuciya. A can ta haɗu da Dokta Ruhaina, wata matashiyar likita haifaffiyar Kotobabi, wadda ta ɗora mata na'ura a ƙirji, ta juyo mata allon.

"Mma, kin ga wannan abin da ke motsi? Zuciyarki ce. Akwai wata 'yar ƙofa a ciki da ke buɗewa jini ya wuce. Taki ta ƙanƙance, wataƙila tun wani ciwon maƙogwaro da kika yi kina yarinya. Sai an cire ta an sa ta ƙarfe."

Awabu ta daɗe tana kallon abin, bakinta a buɗe. Can ta ce, "Dokta, faɗa mini gaskiya. Ana tashi?"

"Cikin mutum ɗari, fiye da casa'in suna tashi."

"Mutum ɗarin nan, 'yan ina ne? 'Yan Zongo ne?"

Likitar ta ce yawancin lissafin daga ƙasashen waje ya zo, na gida bai cika ba tukuna. Awabu ta ce to, Allah na nan, a yi.

Aka yi, ta tashi. Kwana huɗu bayan haka ne Dokta Ruhaina ta gaya mata cewa an tsayar da zuciyarta cak na awa ɗaya da minti arba'in, wani inji ya karɓi jininta yana zagayawa da shi, yana kuma yi mata numfashi. Awabu ta sa aka maimaita mata sau uku. Ta dafa ɗinkin ƙirjinta, ta ji sabuwar ƙofar tana ƙas-ƙas a ciki kamar agogon hannu, hawaye suka zubo mata. "Ikon Allah," ta ce. "Zuciyata ta kwanta ni ban mutu ba."

Ta koma kan tukunyarta. Kullum tana shan ƙwayar tsinka jini, duk wata tana hawa trotro, ƙaramar motar haya, ta je awon jini, ba ta taɓa fashi ba.

Bayan shekara bakwai, wata ranar Talata da hantsi, sai ga Dokta Ruhaina a gaban teburinta, ta yi gumi, takalminta duk laka. Ta ce bincike suke yi. Suna son sanin abin da ya sami duk mutanen unguwannin Zongo da aka sa wa ƙofar zuciya cikin shekara goma sha biyu: wa ke raye, wa ya rasu, me ya kashe shi, wa ya koma sana'arsa. Sunaye ɗari biyu da goma sha biyu ke hannunta, amma lambobin waya sun mutu, adireshin kuwa sai ka ga an rubuta "bayan masallaci, Nima".

Awabu ta ƙyalƙyale da dariya. "'Yata, Nima masallaci nawa ne? Zauna ki sha koko. Wannan aikin ƙafa ne."

Aka ɗauke ta cikin ma'aikatan binciken. Aka koya mata cewa ba a tilasta wa kowa, kuma ciwon mutum sirrinsa ne, ba a faɗa wa maƙwabci. Ba ta iya karatun boko ba, don haka sai a karanta mata suna biyar ta riƙe a ka. Da ta kwashe tukunya sai ta yafa mayafi ta shiga gari. Ba ta tambayar mai ciwon zuciya. Cewa take yi tana neman wance jikar masu goro, ko wane da ya taɓa zama kusa da gidan wanka.

A Sabon Zongo ta samo Fuseini mahauci, wanda asibiti ya yi shekara tara bai ji ɗuriyarsa ba. Ta tarar da shi ya saɓo cinyar saniya a kafaɗa. Ta ja shi gefe, ta ɗan janye wuyan rigarta ya ga bakin tabon. Mutumin ya ajiye naman, ya buɗe maɓallin rigarsa, ga nasa nan dogo har ciki. Suka tsaya suna kallon juna suna dariya kamar 'yan uwan da suka ɓace.

Ba ko'ina aka yi dariya ba. A Kotobabi ta je neman wata Suweiba, sai tsohuwar uwarta ta fito ta ce yarinyar ta shekara uku a ƙasa. Ta warke sarai, har ta buɗe shagon kitso. Da ta ji ƙarfi sai ta daina zuwa awo, saboda tafiyar tana cinye mata yini guda, daga baya ta bar ƙwayar ma. Wata safiya ɓarin jikinta ya shanye, daga nan ba ta tashi ba.

"Me za su yi da labarin wadda ta riga ta tafi?" in ji tsohuwar.

"Inna, don a ceci 'yar wani ne. In ba ki so, na tashi, ba komai."

Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da katin asibitin a cikin leda, ta miƙa mata.

Wata goma sha huɗu Awabu ta yi tana wannan yawo. An samo labarin mutum ɗari da tamanin da ɗaya, kuma fiye da rabi ita ta nemo su. Da aka gama haɗa bayanan, aka kira waɗanda ke raye da iyalan mamatan taro a zauren wata makaranta a Maamobi. Dokta Ruhaina ta yi bayani da Hausa, tana sirkawa da yaren Twi saboda waɗanda ba sa jin Hausa sosai. Ta ce aikin kansa bai kashe mutane da yawa ba. Haɗarin ya fi yawa daga baya, cikin waɗanda suka bar awo da magani. Saboda haka za a riƙa kawo na'urar awon jini unguwa duk ranar Alhamis, a huta da doguwar tafiya.

Sannan ta ce akwai wani majiyyaci da ya yarda a nuna musu bidiyon aikinsa, wanda ba zai iya kallo ba ya fita. Babu wanda ya motsa. A jikin bango suka ga ƙirji a buɗe, zuciya kwance shiru, hannuwa suna ɗinki da zare siriri kamar gashi. Aka gama, aka saki jini ya koma cikinta. Da farko ba abin da ya faru. Sai tsokar ta ɗan yi rawa, ta tsaya, ta sake motsawa, sannan ta kama bugawa da kanta.

Zauren ya ɗauki salati. Awabu ta ƙanƙame hannun matar da ke kusa da ita, ba ta ma san ta ba. Fuseini ya miƙe tsaye, hularsa a hannu.

"Dokta," ya ce, "shekara talatin ina riƙe zuciya a hannuna kullum. Ban taɓa ganin wadda ta kwanta ta tashi ba. Haka tawa ta yi?"

"Haka taka ta yi, Baba."

Ya koma ya zauna.

Yanzu Awabu ta haura hamsin. Ranar Alhamis babbar 'yarta Fulera ke tsare tukunya, ita kuwa tana bakin ƙofar wurin awo tana duba wanda bai zo ba, da azahar ta bi shi gida. Sunaye talatin da ɗaya da suka rage har yanzu suna kanta. Kwanan nan wata mai sayar da albasa ta ce mata ta ga ɗaya daga cikinsu, wani Alu direba, a tashar Kumasi, da ransa da lafiyarsa. Awabu ta riga ta gaya wa mijinta Abdul-Mumin cewa ranar Asabar da motar farko za ta tafi Kumasi.