Haggai da Kaskar Fakara

Ana ta yaɗawa a tasha cewa Haggai mutumin Dukku ya buɗe shagon aski na tsuntsaye. Wai fakara da zabin daji layi suke yi a ƙofarsa, har wata tsohuwar shamuwa ta nemi a yi mata kitso. Ƙarya ce, jama'a, kuma na tabbata ƙarya ce domin ni na ƙaga ta. Taubashina ne, ina da iko da shi. Sai dai gaskiyar ba ta da daɗin dariya haka.

Shekara ashirin ke nan da Haggai ya baro Dukku da matarsa Dorkas, ya kama gona a bayan garin Kontagora. Duk abin da ya mallaka a duniya shanun noma ne guda biyu, Jatau da Fari, kuma na rantse ya fi yi musu magana fiye da Dorkas. Bara da damina Jatau ya kama zagaye wuri ɗaya kamar mai neman wutsiyarsa, ya faɗi, yana shure-shure, ya mutu. Aka ce ciwon kaska ne. Tun daga ranar Haggai bai ƙara barin Fari ya yi nisa da idonsa ba.

Sai ga wata likitar dabbobi, Malama Salome, daga wata jami'a, tana neman wanda ya iya tarko. Ta ce tsuntsayen daji suna yawo da ƙananan kaska a wuya da kai, kaskar kuma da ƙwayoyin cuta a cikinta, tana so ta san irinsu. Haggai kuwa tun yana ƙarami fakara in ta ji sunansa sai ta yi wasiyya. Ya karɓi aikin da zuciya ɗaya, a tunaninsa in an gano sunan abin da ya kashe Jatau, za a ba shi allurar da za ta tsare Fari.

Malama ta ce a cire kaskar a can daji, a jefa a kwalba, a saki tsuntsu. Amma wa zai zauna wa Fari? Sai Haggai ya riƙa kwaso tsuntsayen a kwando, ya zauna a inuwar rumfar Fari, yana tsince musu kaska a tsanake yana yi wa Fari hira da yarensu Dukanci. Manyan ya tsince. Ƙananan, masu kamar ƙwayar riɗi, suka riƙa zubewa cikin ciyawar da san ke kwanciya a kai. Rani guda cur yana haka.

Da sakamako ya fito Malama ta kira shi a waya. Ta ce ba ƙwayar cuta ɗaya ba ce, iri-iri ne, kuma ko iri ɗayan ma dangi-dangi ne, kowanne da nasa hali.

Ya ce, “To Malama, wace allura ce tawa?”

Ta ce, “Baba Haggai, babu guda ɗaya da za ta rufe su duka. Ka dai riƙa yi masa feshi. Kada tsuntsayen nan su kusanci turkensa.”

Ya ajiye waya, ya nufi rumfar Fari. Ya ƙone ciyawar, ya wanke Fari sau uku, Dorkas ta kai maganar coci aka yi addu'a. Ruwan farko na sauka, Fari ya fara zagaye. Wani likita ya zo ya yi allura, ya ce ba wanda zai iya rantsewa daga ina kaskar ta fito. Haggai bai nemi rantsuwar kowa ba. Kwana biyu aka yi, Fari ya mutu.

Na same shi a gona ranar Asabar, shi da garmar hannu, maƙwabta sun gama huɗa, shi kunya shida ya yi. Na ce, “Sannu, Farfesa! An ce sunanka ya shiga takardar masana, har Turai ana karanta ka.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Taubashi, bakinka ya fi na kowa ƙarfi a gidanmu. Gobe ka zo da shi da sassafe, karkiya tana nan rataye ba mai sawa.”