Ruwan da Namadi Ya Zuba wa Bunyaminu

Bunyaminu mutumin ƙasar Zuru ne. An kawo shi Lolo, dab da iyakar Dahome, wato Benin ta yau, a shekarar 1959, aka ba shi aikin awon ruwan sama. Ni ne akawun ofishin gona na Bagudo, kuma wurina takardunsa suke zuwa ƙarshen kowane wata.

Aikin ba wuya, sai dai ba fashi. Ƙarfe bakwai na safe zai je ga kwalbar da ke ƙarƙashin mazurari a bayan gidansa, ya auna abin da ya taru, ya rubuta, ya zubar. Shi da matarsa Jummai kaɗai ne Kiristoci a unguwar, babu majami'a kusa. Saboda haka suka tsara wa kansu: kafin ya fita awo za su karanta sura guda cikin Maganar Allah, su yi addu'a, ko da zazzaɓi, ko da baƙo a zaure.

A watan Yuli na 1961 takardarsa ta zo da abin da ban taɓa gani ba. Ya ja layi a kan awon kwana tara, ya rubuta a ƙasa: "Waɗannan ba gaskiya ba ne, ban tsare kwalba ba." Na san abin da hakan ke jawowa. Shekarar da ta wuce an sallami wani mai awo a kan abin da bai kai wannan ba. Na aika masa cewa zan iya kwafe takardar ba tare da layin ba, tunda babu mai tambaya. Ya amsa da cewa shi da Jummai sun yi addu'a a kai, a bar ta yadda take.

Ran 14 ga Agusta muka isa Lolo da Malam Attahiru, mai duba aikin daga Birnin Kebbi. Muka tarar da Bunyaminu zaune da maƙwabcinsa Namadi, wani dattijon Bafulatani mai shanu.

Malam Attahiru ya ce, "Wa ya taɓa kwalbar gwamnati?"

Namadi ya ce, "Ni na, ranka ya daɗe. Mi ya yi zafi? Kullum ina ganin bawan Allah ya ɗaga kwalba wayam. Na ce manyanai za su ce ba ya aiki. In na taso daga rijiya sai in ɗan tsiyaya mishi."

"Sai ka zama hadari?"

"Hadari ya ƙi, ranka ya daɗe, wani ya kama mishi."

Malam Attahiru ya danne dariya, ya juya ga Bunyaminu da fuska a murtuke. Bunyaminu ya ce da ya gano aikin Namadi ne ya soke duk ranakun da yake shakka. Malam Attahiru ya ce in ba a san ranakun da aka yi ruwan gaske ba, watan ya lalace, kuma dole ya rubuta a sallame shi.

Jummai ce ta ce daga bakin ƙofa, "Maigida, nuna musu littafin addu'a mana."

Ɗan littafi ne na 'yan makaranta. Ashe kowace safiya bayan karatu Bunyaminu yakan rubuta kwanan wata da layi ɗaya na godiya ko roƙo. Na karɓa na bi shi rana-rana. Ran 3: "Ubangiji, yau ma sama ta bushe, ka tuna da geron mutane." Ran 6: "Roƙonmu dai na jiya ne." Ran 11: "Mun gode, an kwana ana ruwa." Babu ranar da ya tsallake. Cikin kwana taran, bakwai babu ɗigo ko ɗaya, biyun kuwa Namadi ya rantse bai zuba ba, don sama ta riga shi.

Malam Attahiru ya gyara takardar da hannunsa, ya sa hannu. Ya ce wa Bunyaminu, "Ci gaba da aikinka. Amma ka kewaye kwalbar nan da ƙaya."

Sai a lokacin Bunyaminu ya sauke numfashi, Jummai ta koma ciki tana cewa "Mun gode Allah" ba ƙaƙƙautawa. Namadi ya miƙe ya ɗauki sandarsa, ya ce ƙayar shi zai saro ta, tunda don shi za a yi shingen.