Haifa da Haifo

Shekaru na yi ina koyar da Turanci a wata sakandare a Lafia, kuma babu darasin da ke cinye mini rai irin na guntayen kalmomin da Turawa suka aro daga Girkanci suke maƙalawa a gaban nasu. Biyu ne suka fi ba ni wahala: hyper, wato abu ya wuce kima, da hypo, wato ya yi ƙasa. A bakinmu kuwa duk sun koma haifa da haifo. Ina faɗa, sai wani shaƙiyyi daga bayan aji ya ce, "Malama, wa ya haihu?" Aji ya tuntsire da dariya, ni kuma in ji kamar in jefe su da alli.

A gida ma ban tsira ba. Yayana, manomi ne a Adogi, Bagirkiya yake ce mini.

Wata Laraba da hantsi ya kira ni. Innarmu tana da ciwon suga, a wurinsa take zaune.

"Inna na gumi, jiki na rawa. Nas ya rubuta a kati, in haka ya faru, haifa ne. Suga ya hau ke nan. Zan ƙara mata magani."

"Yaya, tsaya! Karanta mini harafin ƙarshe."

"Kin fara ko? Mutum ba lafiya, ke kina ba ni lesin?"

Raina ya ɓaci. Na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa ba. Ya yi tsaki, na ji yana buɗe katin.

"O ne."

"Sugan ne ya faɗi! Ajiye maganin nan, a dama mata suga a ruwa!"

"Suga? A ba mai ciwon suga? Kanki ɗaya?"

Allah ya sa matarsa tana ji. Ba ta jira gardamarmu ta ƙare ba, ta dama ta ba Inna. Ina riƙe da waya, tsoro ya hana ni zama, har na ji Inna tana tambayar wa ke ihu haka.

Har yau Yaya cewa yake suga ne ya tashe ta, Girkanci bai tsinana komai ba. Na gaji da musu. Inna dai ba ta fita sai da ƙwayar suga biyu ƙulle a bakin zanenta. In aka tambaye ta, sai ta ce, "Karatun 'yata ne."