Kwanon Direban Kar

Shekarar da kamfanin haƙar uraniyom ya ɗora mini jigilar ma'aikata da ciyar da su a Arlit, na zama shef, wato shugaban sashen, na ɗauki abin da zafi. Na tsara inda kar, babbar motar ma'aikata, za ta tsaya a kowace unguwa. Na kuma kafa doka cewa kowa a zaure ɗaya zai ci, ba mai fita da kwano.

Kowa ya bi, ban da direban kar ɗin, wani Ba'abzine daga Dannet. Kullum sai ya zauna, amawali rufe da baki, ya tasa shinkafa a gaba har ta huce, ya tashi. Abin ya ci mini rai. Mai ɗauke da rayukan jama'a ya yini da yunwa? Ran nan na tare shi a gindin mota.

"Malam, girkin namu ne bai yi maka ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Shef, tsohon da ke gadin ƙofar zauren, shi ya ba ni ƴarsa."

Nan take na gane. Ni mutumin Maradi ne, kuma har yau ban taɓa kai loma baki a gaban surukina ba.

Washegari na karya dokata da hannuna. Na ɗauki kwano, na kai masa inuwar kar. Ya juya baya ya sauke amawali, ni ma na kau da kai.