Ranar da Kawu Ya Zuba Magani a Gulbi

Ina yarinya a Jega, ni ke tono wa kakata ƙumba, wata 'yar halittar ruwa mai ɓawo, a lakar gulbi, tana kankare tukunya da ɓawonta. Wani rani kawuna ya zuba maganin feshin albasa a ruwan, don ya kwashi kifi a banza. Kifi ya taso matacce, har da ƙanana.

Kaka ta tare shi a tsakar gida. "Ɗiyan ƙumba a kunnen kifi suke maƙalewa, shi ke goyonsu har su sauka laka. Ka kashe mai goyo, wa zai raine su?"

Ya yi dariya, ya ce ta sayi soson ƙarfe.

Shekara uku ina tonon wurin, ban samu ƙumba mai rai ba. Har yau da ƙyar nake gaishe da Kawu.