Motar Da Ba Ta Riƙe Silo

A layin gareji babu mai kiransa da sunan yanka, Mai Kunne kawai ake cewa. Tun yana saurayi, mota na karyo kwana zai faɗi ciwonta kafin mai ita ya taka birki. In abin ya ɓuya, sai ya ɗora tsinin sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai laɓe a bayan ƙofa. Da kunnen nan ya yi aure, da shi ya yi rufin ɗaki biyu, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Wata sana'ar kuwa ko ta sayar da ashana bai iya ba.

To, kunnen ne ya soma tafiya, a hankali, ba sallama. Matarsa ta gane tun tuni, ta koma yi masa magana tana fuskantarsa. A gareji ya koyi gyaɗa kai, in ya ga ana dariya shi ma ya dara. Tsoro yake ji ba kaɗan ba, domin ya san ranar da layin nan ya gane, ranar aikinsa ya ƙare.

Cikin masu kawo masa gyara akwai wata ungozoma, 'yar amininsa marigayi, tsohuwar motar uban ta gada. Motar tana gudu lafiya lau, amma da an tsaya a danja an ɗaga ƙafa daga totur, sai ta yi kakari ta mutu. Ba ta riƙe silo, in ji makanikai. Ya wanke kafireta, ta dawo. Ya canza fulogi, ta sake dawowa. Ya san sauran zancen sarai: wani tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska. Sai dai irin wannan tsagar, ido ba ya ganinta, wani siririn tsaki take yi, a da daga bakin titi yake jiyo shi.

"Baba, jiya a ƙofar asibiti ta mutu mini, ga mai naƙuda a baya," in ji ungozomar. "Don Allah a duba da kyau."

Ya sa ta tayar. Ya cusa kai cikin bonet yana bin tiyo ɗaya bayan ɗaya, bai ji komai ba sai wani gunji can nesa. Da ya rasa, ya ɗan murɗa sukurun silo ya ƙara mata wuta, ya miƙe, ya juya wa motar baya yana goge hannu.

"Kin ji ko?" ya ce da ƙarfi, yana murmushi. "Yanzu ta zauna daram."

Ta dube shi, ta dubi ƙasa. "Na ji, Baba."

Yadda ta faɗa ne ya sa ya waiwaya. Fanbel, da ke juyawa muddin inji na aiki, tsaye yake cak. Motar ta mutu tun kafin ya buɗe baki, ga mai faci da mai walda a kan benci, kowa ya sami abin kallo a tafin hannunsa.

Ba wanda ya yi dariya, shi kuwa da an yi da ya fi masa sauƙi. Da yamma yana kulle akwatin kayan aiki, mai faci, wanda kullum daga can rumfarsa yake jefo masa tsokana, ya tako har gabansa, ya dafa kafaɗarsa, ya ɗaga murya yana ware kalmomi ɗaya-ɗaya:

"Sai da safe, Baba. A huta gajiya."